Kafin ka sayi manhajar ajiye Windows da faifan waje, duba yadda za su dawo maka da kwamfuta

Kwafe hotuna da takardu zuwa filash abu ɗaya ne, ajiye babbar manhajar kwamfuta ɗungurungum kuma wani abu ne daban. Na farko fayiloli kawai yake ceto. Na biyu shi ne zai sa idan faifai ya mutu yau, ka saka sabo, cikin awa ɗaya ko biyu kwamfutar ta tashi da Windows ɗinta, direbobinta da manhajojinta yadda ka bar ta. Kowace manhaja a kasuwa ta iya ɗaukar kwafi. Bambancinsu yana fitowa ne ranar mayarwa, lokacin da kwamfutar ta ƙi tashi, don haka da wannan rana za mu auna su.

Da farko ka san abin da ke kan faifan. Idan ka buɗe Disk Management a kwamfutar da ke da Windows 10 ko 11, ba ɓangaren C kaɗai za ka tarar ba. Akwai ƙaramin ɓangaren EFI, galibi MB 100 zuwa 260, mai tsarin FAT32, wanda daga cikinsa kwamfutar take tashi. Akwai wani ɓoyayye na MB 16 da ake kira MSR, wanda ma ba ya bayyana a nan. Sai C, sai ɓangaren gyara na Recovery mai ɗaruruwan MB. Wanda ya ajiye C kaɗai ya bar EFI, ranar da ya mayar a sabon faifai zai ga duk fayilolinsa suna nan amma kwamfutar tana cewa ba ta ga inda za ta tashi ba. Saboda haka duk manhajar da za ka ɗauka, ka tabbatar tana ɗaukar faifan baki ɗaya tare da jadawalin ɓangarorinsa, na GPT ne ko tsohon MBR.

Hanya biyu ce. Ko ka yi wa faifan tagwai, wato a kwafe shi kai tsaye kan wani faifan, ko ka ɗauki hotonsa, wato a matse komai cikin fayil a ajiye a faifan waje. Tagwai na ranar sauya faifai ne, misali daga tsohon faifai mai juyawa zuwa SSD, wato sabon nau'in faifai mai sauri da ba ya juyawa. Yana cinye faifai guda sukutum, kwafi ɗaya tak yake riƙewa, kuma idan ka sake yi bayan ƙwayar cuta ta shiga, da ita za ka kwafe. Hoto kuwa kana iya tara na wata uku ko huɗu a faifai ɗaya, ka koma wanda ka ga dama. Idan sauya faifai ne kawai a gabanka, kada ka sayi komai tukuna: Samsung yana bayar da manhajar kwafi kyauta ga SSD ɗinsa, Crucial da Western Digital kuma suna bayar da wani nau'in Acronis da ke aiki muddin akwai faifansu a jikin kwamfutar.

Clonezilla ita ce tsohuwar hannu a cikin na kyauta. Daga cibiyar NCHC ta Taiwan ta fito, kuma daga filash ake tayar da ita, ba a cikin Windows take aiki ba. Wannan yana da amfani babba: babu fayil ɗin da ke buɗe yayin ɗauka, kuma ba ruwanta da Windows ne ko Linux ne a kan faifan. Wuraren da ke da bayanai kawai take kwafa a NTFS, ext4, FAT da sauran tsarin da ta sani, wanda ba ta sani ba sai ta bi shi sashe-sashe har da wurin da babu komai. Matsalolinta sanannu ne. Fuskarta rubutu ce zalla, faifai kuma da sunayen Linux take kiransa, sda, sdb, nvme0n1, kuma mai gaggawa yana iya juya na ɗauka da na zubawa ya shafe ainihin faifansa. Ba ta ɗaukar abin da ya canza kaɗai, kullum sabon hoto cikakke ne. Ba ta aiki da kanta bisa jadawali, sai ka kashe kwamfuta ka zauna. Ciro fayil ɗaya daga hotonta ma aiki ne. Rescuezilla ta rage wannan wahala: tana karantawa da rubuta irin hoton Clonezilla, amma da linzami ake sarrafa ta, kuma tana ɗauke da GParted don rage ko faɗaɗa ɓangare. Ga wanda zai ɗauki hoto sau ɗaya bayan ya gama saita sabuwar kwamfuta, sannan duk bayan 'yan watanni, Rescuezilla ta wadatar.

Mai son aikin ya riƙa tafiya da kansa kullum dare, manhajar da ke zaune cikin Windows yake buƙata. Waɗannan suna dogara da VSS, hidimar Windows da ke daskarar da yanayin faifai na ɗan lokaci don a kwafa alhali kana aiki. Macrium Reflect ta daɗe tana jan ragama a nan, sai dai kamfanin ya yi ritaya da nau'inta na kyauta, gyaran tsaro na ƙarshe ya tsaya a farkon 2024, sabon nau'in na gida kuma kuɗin shekara-shekara ake biya. Abin da kake saya a wurinta shi ne filash ɗin ceto mai kyau, wato filash da ake tayar da kwamfuta daga shi don mayar da hoto, wanda ke kwaso direbobin kwamfutarka, da maɓallin gyara matsalar tashi, da damar buɗe hoto kamar faifai ka ciro fayil ɗaya. Acronis True Image ma biyan shekara ne, tana haɗawa da ajiyar intanet da kariya daga masu kulle fayiloli su nemi fansa, amma tana da nauyi, hidimominta da yawa suna gudana a bayan fage, tsohuwar laftof mai GB 4 ko 8 na RAM za ta ji a jikinta. Veeam Agent na Windows yana da nau'in kyauta da ke ɗaukar kwamfuta gaba ɗaya bisa jadawali, yana ƙara abin da ya canza kaɗai, yana kuma haɗa filash ɗin ceto. Aiki ɗaya kawai yake bari ka tsara, wanda ga kwamfuta ɗaya ya isa. A ganina shi ne ya fi cancanta a fara gwadawa kafin a zaro kuɗi. AOMEI Backupper da EaseUS Todo Backup suna da sauƙin fuska, amma ka karanta jadawalin kwatanta nau'o'insu da kyau, domin abubuwa irin su mayarwa kan kwamfuta daban sukan kasance a na kuɗi.

Shi kansa Windows yana da nasa, a Control Panel ƙarƙashin Backup and Restore, inda ake ƙirƙirar hoton tsarin. Yana nan har a Windows 11, amma tun 2017 Microsoft ya sanya shi cikin abubuwan da ya daina bunƙasawa, ya ce a nemi na wasu kamfanoni. Ba zan ɗora kwamfutar aiki a kansa shi kaɗai ba. System Restore kuwa a kan faifan da kake tsoron mutuwarsa yake zaune, tare za su tafi. Haka Timeshift a Linux: yana da kyau wajen komawa baya idan sabuntawa ta ɓata tsarin, amma a saitinsa na asali ba ya ɗaukar fayilolinka na kanka da ke cikin home, kuma idan tsarin faifai na Btrfs ka zaɓa, hotunan suna kan faifan ɗaya. Masu Mac su tsaya kan Time Machine: a sababbin macOS ana sake saka tsarin ne daga Recovery, sannan Migration Assistant ya jawo komai daga ajiyar.

Sai faifan da za a zuba. Ka duba abin da ke cikin C yanzu, ka sayi wanda ya ninka shi sau biyu zuwa uku. Matsewa tana rage girman fayilolin tsarin da manhajoji, amma bidiyo da hotuna a matse suke tun asali, ba za su ragu ba. Faifan waje mai juyawa a USB 3.0 yakan ba da kusan MB 100 a daƙiƙa, wato GB 200 zai ɗauki rabin awa da ɗoriya. Ka soka shi a ramin USB 2.0, aikin ya haura awa ɗaya da rabi. SSD na waje ya fi sauri nesa ba kusa ba kuma yana jure faɗuwa, mai juyawa ya fi araha a kowane TB. Don ajiyar mako-mako, mai juyawa biyu da za ka riƙa musanyawa sun fi SSD ɗaya amfani, domin ɗaya yana iya zama a wani gini daban. Ka yi masa fomat da NTFS ko exFAT, tunda FAT32 ba ya karɓar fayil da ya wuce GB 4. Idan an gama a cire shi, domin manhajar neman fansa tana kulle duk faifan da ta tarar a haɗe. Filash ɗin ceto dabam ne, na GB 8 ya ishe shi, kuma za a shafe abin da ke cikinsa.

Abubuwa huɗu ne suka fi kayar da mutane ranar mayarwa. Na farko BitLocker, tsarin Windows na kulle bayanan faifai. Sababbin kwamfutoci da yawa suna zuwa da faifai a kulle ba tare da mai su ya sani ba, musamman daga Windows 11 24H2. Manhajar da ke aiki cikin Windows tana ganin bayanan a buɗe, amma Clonezilla daga filash tana ganinsu a hargitse, sai ta kwafe ɓangaren baki ɗaya, hoton ya kai girman ɓangaren, matsewa kuma ba ta rage komai. Ka ciro mabuɗin ceto mai lamba 48 daga asusunka na Microsoft, ko a Command Prompt da umarnin manage-bde -protectors -get C: sannan ka rubuta shi a takarda.

Na biyu girman sabon faifai. SSD na GB 480, 500 da 512 duk ana yi musu kallon ɗaya, amma hoton na 512 ba zai shiga na 500 a Clonezilla kai tsaye ba ko da rabinsa fanko ne. Ko ka rage C kafin ɗaukar hoto, ko ka sayi wanda ya kai ko ya fi. Macrium da Veeam suna iya rage ɓangaren NTFS yayin mayarwa, kuma wannan kaɗai dalili ne na zaɓarsu.

Na uku, filash ɗin ceto ya tashi amma bai ga faifan ciki ba. Wannan yana yawan faruwa a laftof masu Intel inda aka kunna RST ko VMD, fasahohin Intel na sarrafa faifai, a BIOS, wato saitin da ake shiga kafin Windows ya tashi, saboda direban ba ya cikin filash ɗin. Maganinsa a haɗa filash ɗin a kan ita kwamfutar da za a ceta, don ya kwashi direbanta. Na huɗu Fast Startup: Windows ba ya mutuwa gaba ɗaya idan ka kashe shi, yana barin NTFS a rabin rufe, manhajar filash kuma tana iya ƙin taɓa shi. Ka riƙe Shift yayin danna Shut down, ko ka kashe Fast Startup ɗin da umarnin powercfg /h off.

Idan an mayar amma ta ƙi tashi, duba BIOS tukuna: faifan GPT yana son yanayin UEFI, na MBR yana son Legacy. In wannan daidai ne kuma faifan na GPT ne, tayar da filash ɗin saka Windows, buɗe Command Prompt, ba ɓangaren EFI harafin S da diskpart, sannan ka rubuta bcdboot C:\Windows /s S: /f UEFI, bayan ka tabbatar da harafin da Windows ya samu a can, don ba lallai ya zama C ba.

Yawancin na kuɗi suna ba da gwajin kwana 30, to ka yi amfani da shi kafin biya. Ɗauki hoto cikakke, kunna zaɓin tantance hoton, haɗa filash ɗin ceto, tayar da kwamfutar daga shi da saitin tsaro na Secure Boot a kunne a BIOS, ka ga ko yana ganin faifan ciki, faifan waje, linzami da allon rubutu. In kana da wani faifai da ba ka amfani da shi, cire na ainihi ka mayar a kansa har Windows ya buɗe. Manhajar da ta kasa wannan gwaji a kwamfutarka, ka bar ta ka gwada ta gaba.