Yawon tarihin Nashville a mota: an ba mu rabin labarin Adelicia Acklen

Tauraro biyu na ba kamfanin da ya zaga da mu birnin Nashville na Amurka, kuma har yanzu ina jin kamar na yi musu alfarma. Ƙanwata ce ta saya mana tikitin, irin kamfanonin nan da ke kwasar baƙi daga tsakiyar gari su zaga da su wuraren tarihi, kun dai san kuɗinsu ba na wasa ba ne. Mota lafiya lau, an tashi a kan lokaci. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne abin da jagorarmu ta yi a harabar gidan Belmont. Ma'aikaciyar kamfanin ce, ba ta gidan ba, domin ciki ma ba mu shiga ba.

Gaskiya da farko ta burge ni. Tarihin iyalin Adelicia Acklen, attajirar da ta gina gidan, a bakinta yake kamar karatun Fatiha. An haife ta a 1817, tana da shekara 22 ta auri Isaac Franklin mai shekara 50. Ya rasu a 1846, ba ta gama share hawaye ba 'ya'yanta mata biyu suka bi shi cikin makonni kaɗan. Ta haifi goma, shida sun rasu suna ƙanana, har da duka huɗun da ta haifa wa Franklin, da tagwayenta Laura da Corinne a 1855. Da jagorar ta zo nan sai motar ta yi tsit. Ni uwa ce, na ji abin har cikin ƙashina.

Muka sauka, ta nuna mana doguwar hasumiyar jan bulo da ke ba lambun ruwa a da, ta ce har gidan namun daji matar ta yi a nan. Sai ta shiga labarin auduga. Miji na biyu, Joseph Acklen, ya rasu a 1863 ana tsakiyar yaƙin basasar Amurka, Adelicia ta tashi takanas zuwa Louisiana, ta lallaɓa sojojin Kudu da ke shirin ƙona audugar, ta lallaɓa na Arewa, ta fitar da dila 2,800, aka sayar a Liverpool kan dala 960,000. Jagorar ta ɗaga hannu ta ce a tafa wa jarumar mace. Wallahi aka tafa.

Wata dattijuwa baƙar fata da ke kusa da ni, riƙe da sandarta, ba ta tafa ba. Cikin natsuwa ta ce, "'Yata, su wa suka tsinci audugar? Ina aka kai 'ya'yansu?" Jagorar ta duba agogo, ta ce e, akwai bayi, zamanin ne ya zo da haka, mu hau mota lokaci na tafiya. Shi ke nan. Mutum wajen 750 da matar nan ta gāda, jimla ɗaya suka samu, namun dajin lambu sun fi su samun lokaci. Dattijuwar ta koma kujerarta ba ta ƙara cewa uffan ba har muka rabu.

To ga abin da ba a faɗa mana ba. Franklin fataucin mutane ne sana'arsa. Shi da abokin cinikinsa John Armfield suna da gidan tara bayi a Alexandria ta jihar Virginia daga 1828, suna saye a can, su tura Natchez da New Orleans, wasu a jirgin ruwa, wasu a ƙafa ɗaure da sarƙa tafiyar makonni. Dubban mutane suka raba da iyayensu da 'ya'yansu. Wannan dukiyar ce ta zama gonakin da Adelicia ta gāda, ita ce ta gina Belmont da aka kammala a 1853. Matar da ta binne 'ya'ya shida ta san zafin rabuwa da ɗa sarai, amma ta ci gaba da riƙe 'ya'yan wasu a matsayin dukiya, har da sa hannu a takarda kafin aure na biyu don kada mallakarsu ta kuɓuce mata. Jagorar ta ambaci takardar, amma a matsayin wayon mace mai sanin ciwon kanta.

Ban ce a zage ta ba, ban kuma ce a ɓoye baƙin cikinta ba. Kuɗin cikakken labari muka biya.

A maƙabartar Mount Olivet, gaban ɗakin kabarinta, na ɗan sauko, domin jagorar ta yi bayanin aure na uku da Dakta William Cheatham a 1867 da rasuwarta a New York a 1887 da kyau, ba gaggawa. Har na ce a raina bari na ƙara tauraro. Sai wani ya tambayi makomar gonakin Louisiana, ta ce an sayar, ta wuce. An sayar wa wa? A 1880 Samuel James ya saye su, mutumin da ke hayar fursunoni daga gwamnati yana sa su noma. Ɗaya daga cikin gonakin sunanta Angola, kuma ita ce yau gidan yarin Angola, inda fursunoni, yawancinsu baƙar fata, ke fita gona har gobe. A ce mai jagorar tarihi ta tsallake wannan? Raina ya sake ɓaci fiye da na farko.

Na rubuta wa kamfanin, amsar da na samu godiya ce da rangwamen tikiti na gaba. Ba na so. Wanda zai je Nashville don wannan tarihin, ya tambaya tun kafin ya biya ko jagoran zai yi maganar Franklin da Armfield da mutanen da suka yi bauta a gonakin. In suka fara kame-kame, ya nemi wasu.