Wane irin beta-karotin ya dace da abincin da kake sarrafawa?

Beta-karotin shi ne ke bai wa karas da manja launinsu, jiki kuma ya mayar da shi bitamin A. Sai dai yana da wuyar sha'ani. Ba ya narkewa a ruwa, iska da haske da zafi kuwa suna cinye shi, launin ya koɗe, amfanin ma ya bi shi. Shi ya sa kamfanoni irin su BASF da DSM-Firmenich ke sayar da shi a lulluɓe, kowane lulluɓi da kuɗinsa.

In kayanka mai maiƙo ne, kamar bota ko man girki, kada ka wahalar da aljihunka. Wanda aka dama cikin mai, galibi mai beta-karotin kashi 30 cikin ɗari, ya wadatar.

Mai yin lemo ko yogot kuwa gari zai nema, wanda ke bajewa a ruwan sanyi, mai kashi 1 ko kashi 10. Akan lulluɓe shi da sitaci ko jelatin. Nan fa sai an yi tambaya, don jelatin na iya zama na kifi, na saniya ko na alade. Ka nemi takardar halal tun kafin a yi maganar farashi.

Inda ake ta ɗoki yanzu shi ne ƙwayoyin kitse 'yan mitsi-mitsi, waɗanda ake aunawa da nanomita (kashi ɗaya cikin biliyan na mita), shi ya sa ake kiransu “nano”. Na farkon, SLN (solid lipid nanoparticles), ya fito ne a farkon shekarun 1990 daga aikin Rainer Müller a Jamus da Maria Gasco a Italiya, kuma daskararren kitse ne zalla. Tunanin shi ne kitsen zai kulle sinadarin a ciki. To amma idan kaya ya jima a ajiye, kitsen yakan sake jera kansa ya ƙara matsewa, sai ya turo beta-karotin zuwa bakin ƙwayar, inda iska ke jiransa. Ka biya tsada, ka kuma yi asarar launi. Domin gyara wannan aka kawo NLC (nanostructured lipid carriers), wanda ake cakuɗa daskararren kitse da mai na ruwa, cikin ƙwayar ya samu gurbi. In har dole sai nano, ni NLC zan ɗauka. Mai shirin kai kaya Turai ya sani cewa dokar Tarayyar Turai ta 2015 kan sabbin nau'o'in abinci ta tanadi neman izini kan kayan nano da aka ƙera.

Ko wanne ka zaɓa, kalmar “nano” a jikin kwali ba hujja ba ce. Ka ce a nuna maka beta-karotin nawa ya rage bayan wata shida, a wane zafi aka yi gwajin, kuma a wace irin kwalba. Gwajin da aka yi cikin firji bai gaya maka komai ba game da lemon da zai yini a rumfar kasuwa a watan Afrilu. Ka karɓi samfur kaɗan, ka zuba a naka kayan, ka ajiye rabi a haske rabi a duhu kafin ka sayi da yawa.