Kwana biyar a makarantar tuƙin jirgin ruwa mai tafiya da iska a Jersey

Shekara uku ke nan ina aikin jinya a Jersey, tsibirin nan da ke gab da gaɓar Faransa. Bara, muna yawo cikin ƙaramin jirgin shaƙatawa na wani abokin aikina, na ga wani jirgi kwance a kan dutse, ruwa ya janye ya bar shi, mai shi ya yi tagumi yana jiran masu ceto. Abin ya tsaya mini a rai. Shi ya sa na biya kuɗin kwas na kwana biyar a wata makarantar tuƙi da ke St Helier, babban birnin tsibirin.

Ni mutumin Yawuri ne, na san ruwa yana cika ya janye, amma namu sai an yi watanni. A nan sau biyu ne a kwana ɗaya, kuma tsakanin cikar teku da janyewarta bambancin zurfin ruwa kan kai har kusan mita 12 a ranakun da ya fi cika. Malamarmu, wata dattijuwa marar yawan magana, da wannan ta fara. Ta hana mu kallon allon na'ura, ta ba mu taswirar takarda da fensir da jadawalin ruwa. Janyewar tana ɗaukar wajen awa shida, a raba ta kashi 12: awa ta farko kashi 1, ta biyu 2, ta uku da ta huɗu uku-uku, sai 2, sai 1. Ke nan a tsakiyar lokacin, ruwa na iya sauka mita uku cikin awa guda. Dutsen da ka wuce ta kansa lafiya da hantsi, kafin azahar shi zai fasa maka gindin jirgi.

Da ta ce ruwa ya fi cika ya fi janyewa jim kaɗan bayan tsayuwar wata da kuma bayan daren sha huɗu, sai na ji darasin ya zauna, don lissafin wata ba baƙona ba ne.

Rana ta uku ta sa ni na kai mu duwatsun Les Écréhous. Na yi kuskuren awa ɗaya a lissafi. Ba ta gyara mini ba, sai ta ce, "Dubi na'urar auna zurfi, ka faɗa mini ko ta yarda da takardarka." Wallahi gabana ya faɗi. Na juya da jirgin, na sake lissafi, muka jira ruwa ya ƙaru. Kashegari muka wuce hasumiyar fitila ta La Corbière, ta nuna mana inda jirgin fasinja mai suna Saint-Malo ya bugi dutse a 1995, aka ceci kowa da kowa.

Akwai abin da bai yi mini ba. Kuɗin ba kaɗan ba ne, mu biyar muke kwana a jirgi ɗaya a matse, kuma na sanar da su tun farko cewa ba na cin naman alade amma suka manta, na wuni biyu kan burodi da cuku. Sunayen igiyoyi kuma ana zubo su da sauri, sai ka roƙa a maimaita.

Duk da haka zan koma kwas na gaba. Mai niyyar zuwa ya zaɓi makon da wata ya cika, ya kuma tafi da maganin amai da rigar sanyi mai kauri ko da bazara ce.