Jaririnki na mura ga kumburin ciki: me za ki saya a kemis, me za ki bari a kan kanta

'Yata ta biyu tana da kwana 19 mura ta kama ta, tsakiyar hunturu, ko arba'in ban yi ba ina gidanmu wajen wankan jego. Duk wacce ta taɓa shayar da jaririn da hancinsa ya toshe ta san abin da nake nufi, zai kama nono ya ja sau biyu sau uku sai ya saki ya buɗe baki yana neman iska, ya yi kuka ya sake kamawa, kuma duk sakin nan da kukan nan iska yake haɗiya, kafin ki ankara ciki ya yi tam yana miƙa yana jan ƙafa sama fuska ta yi jawur. Jarirai sabbin haihuwa da hanci suka fi yin numfashi, shi ya sa murar da babba ba zai ko kula ta ba su take hana su cin abinci. To abu biyun nan a haɗe suke, in kika buɗe hancin kin rage rabin iskar, kuma da wannan nake auna duk wani abu da za a ce in saya.

Na fara da wanda na fi yarda da shi, ruwan gishirin ɗiga wa a hanci, wanda a asibiti za ki ji nas ta ce nomal salin. Ba komai a ciki sai ruwa mai tsafta da gishiri giram 9 a kowace lita, a jikin kwalin za ki ga an rubuta 0.9%, daidai da gishirin da ke ruwan jikin mutum shi ya sa ba ya yi wa jariri raɗaɗi. Aikinsa ya jiƙa busasshiyar majinar nan da ƙurar hunturu ta daskarar ta yi laushi ta fito, shikenan, ba ya shiga jini ba ya sa barci. Kala uku ake samu, akwai 'yar kwalbar roba mai ɗigo, akwai na fesawa, akwai kuma ƙananan robobi a jere masu mil 5 da ake murɗe kan ɗaya a yi amfani da ita a yar. Ni wannan na ukun na fi so nesa ba kusa ba. Wata ƙanwar mamanmu da ke aure a Maraɗi ce ta fara kawo min, can siram suke ce masa kuma kusan duk mai jego ta san shi, irin su Physiodose, yanzu manyan kantunan magani na nan ma ana samu. Dalilina shi ne kwalba guda da za ki yi ta buɗewa kina rufewa sati da sati bakinta na taɓa hancin yaro mai mura, ga yayyensa suna ɗauka suna wasa da ita, ba ta daɗewa da tsafta, amma 'yar robar nan kin buɗe yau ta ƙare yau. In mai kwalbar kika samu ba laifi, ki rubuta ranar da kika buɗe a jiki kuma kar a yi wa yara biyu amfani da guda. Na fesawa kuwa ƙarfinsa ya yi wa ɗan kwana ashirin yawa, ki bari sai ya yi wayo.

Yadda nake yi, kamar minti goma kafin in ba ta nono nake kwantar da ita a cinyata in ɗan juya kanta gefe, ɗigo ɗaya ko biyu a kowace ƙofar hanci, in ɗaga ta in jira. Sau da yawa atishawa kawai za ta yi abin ya fito in goge da auduga. Inna tana zaune tana kallona ta ce ke dai da kin matsa mata ruwan nono a hancin kamar yadda aka yi muku, kuma gaskiya ban musa mata ba, ɗigon nono ma yana jiƙawa kuma in dare ya yi ba ki da komai a hannu shi ne mafita.

Sai abin zuƙe majina. Wanda ya cika kasuwa shi ne robar nan mai kamar albasa da ake sakowa cikin kayan jarirai na kyauta, ban ba da shawararta ba, ba ki ganin cikinta, ba ta bushewa, na taɓa yanka wata da reza na ga cikin ya yi baƙi da funfuna. Mai batir kuma kuɗi ne kawai da ƙara. Wanda ya yi min shi ne mai dogon bututu, kan yana bakin hancin yaro ɗaya ƙarshen yana bakinki, akwai ɗan soso a tsakiya da ke tare majinar, NoseFrida ne sanannensu amma akwai masu kama da shi da yawa. Iyayenmu da baki suke zuƙewa su tofar, to shi ɗin ne aka yi wa bututu, ke ke da iko da ƙarfin ja kuma kina ganin abin da ya fito. In za ki saya ki duba kan ya zama mai faɗi wanda ba zai shige can ciki ba, ki tabbata ana kwance shi gaba ɗaya a wanke, ki tambaya ko suna sayar da sosan canji. Kar ki wuce sau uku ko huɗu a yini, yawan zuƙa yana kumbura cikin hancin sai toshewar ta ƙaru.

Abu na uku da ya cancanci kuɗinki ma'aunin zafin jiki ne, mai lamba na sawa a hammata, ba na gilashi ba. Tafin hannu ba ya faɗa miki ko zafin jikinsa ya kai digiri 38.

Yanzu kwalaben ciwon ciki. Gripe water kowa ya san shi, tun 1851 wani mai haɗa magani a Ingila William Woodward ya fito da shi, kuma na asalin har da giya da sukari a ciki, yanzu an cire giyar a yawancinsu amma ba a tabbatar yana maganin komai ba, kuma su kansu masu yin sa ba su ce a ba wanda bai kai wata ɗaya ba. Infacol da danginsa masu simetikon ba su da wata illa sosai, sai dai da aka gwada su ba su fi ɗigon da ba magani a ciki ba. Nospamin da ake miƙa wa masu jego kamar alewa, likitocin yara sun daɗe suna hana ba jarirai shi. Ta ɓangaren mura kuma, na'urar turara ɗaki da tururi ga mai wutar lantarki tsayayya ce, in ba haka ba ki shanya jiƙaƙƙen tawul a ɗaki.

Abin da ya sa na tsaya kai da fata a kan karanta jikin kwalba, dare na uku da murar nan Abban yara ya je wani kemis a unguwa ya ce a ba shi maganin toshewar hanci na jariri, yaron shagon ya miƙo masa wata 'yar kwalba ya ce ɗigo biyu. Na ɗauka ruwan gishiri ne don kwalbar iri ɗaya ce, na ɗiga mata. Hanci ya buɗe tar har na yi hamdala, sai ta yi barci, barcin da awa huɗu ta wuce ban ji motsinta ba, na ɗaga ta jikinta ya saki ga sanyi, na sa mata nono a baki ko motsa leɓe ba ta yi ba. Wallahi har yau in na tuna nauyin kanta a hannuna a daren nan sai gabana ya faɗi. A asibiti nas ta karɓi kwalbar ta juya ta ce "Maman Baby wa ya ba ki wannan? Ai na manya ne." Xylometazoline ne a ciki, irin maganin da ke matse jijiyoyin hanci, a jikin jariri yana iya saukar da bugun zuciya da zafin jiki ya sa barci mai nauyi. Kwana muka yi a can ana duba ta, Allah ya taƙaita. Wanda maciji ya sara in ya ga baƙin tsumma gudu yake, tun daga ranar ko me aka kawo sai na karanta da idona. Ki sani wasu kamfanonin suna da na ruwan gishiri da na maganin manya da suna ɗaya, kala ce kawai ta bambanta, don haka kar ki tsaya a sunan, ki nemi inda aka rubuta abin da ke ciki, in kin ga sodium chloride 0.9% shi kaɗai to shi ne, in kin ga wata kalma mai ƙarewa da zoline ki mayar.

Ga kuma jabu. Ki duba lambar NAFDAC, amma kar ki ce don akwai lamba shikenan don masu jabu ma suna bugawa. Ki shafa wajen ranar lalacewa da yatsa, in kin ji takarda an liƙa a kan wata ko tawadar tana gogewa ki ajiye. Ki haɗa lambar da ke kwali da ta jikin kwalba su zama ɗaya, ki duba murfi ba a taɓa ɓalle shi ba, ruwan gishiri kuma garau yake kamar ruwan sha, in ya yi duhu ko kin ga wani abu na yawo a ciki ba shi ba ne. Kar ki sayi komai na jariri a hannun masu yawo da magani a faranti ko baro cikin rana, ko a tasha, ko wajen mai talla a WhatsApp da za ta ce haɗin gida ne na ciwon cibiya ba suna ba lamba. Ba tsoratarwa nake ba, tsakanin 2008 da 2009 maganin haƙori na My Pikin ya kashe yara 84 a Najeriya saboda wani sinadari mai guba da ya shiga ciki yana lalata ƙoda, a 2022 kuma yara wajen 70 suka rasu a Gambiya bayan shan wasu magungunan tari da mura na ruwa. Duk iyayen nan sauƙi suka je nema. Jariri sabon haihuwa ba shi da abin yi da maganin tari, ko Piriton, ko ragowar maganin yayansa, ko farasitamol ma sai likita ya gani ya ce.

Su Robb da Mentholatum da Aboniki, dan Allah a raba su da hancin jariri. Vicks da kansu sun rubuta ba a shafa wa ɗan ƙasa da shekara 2. Kafur ɗin da muke zubawa cikin akwatin kayan jarirai shi ma yana iya fasa jinin wasu yaran ya jawo shawara mai tsanani, ki shanya kayan a rana kawai. Man kaɗanya a shafa a ƙirji da bayan hanci inda ya bushe, ba a tura shi ciki. Zuma sai ya shekara. Ruwan ɗumi da jiƙe-jiƙen da ake ɗura wa don wai a wanke ciki, wata shidan farko nono zalla ne, ruwan da yake buƙata yana ciki. Na san faɗa wa Hajiya ko Gwaggo haka ba sauƙi, ni cewa nake likita ne ya hana kuma in ɗauke kofin daga ɗakin. Turaren wuta da garwashi da maganin sauro mai hayaƙi ma a fitar da su har ya warke, ki sa gidan sauro.

Ita iskar cikin ba a kemis maganinta yake ba. Ki duba kamun nonon, bakin ya buɗe sosai ya haɗa da baƙin kewayen ba kan kawai ba, in kina jin ƙas ƙas yana sha to iska na shiga, ki sa ɗan yatsa ki cire ki sake ba shi. Lokacin mura ki ɗan tsayar da shi kansa ya fi cikinsa tudu, ki riƙa ba shi kaɗan kaɗan akai akai, dama sau 8 zuwa 12 suke sha a kwana. In nononki mai zuba ne da ƙarfi ki jingina baya ko ki ɗan tatse na farkon. Ki sa shi gyatsa a tsakiya da kuma ƙarshe, a kafaɗa ko zaune a cinya kin tallabe haɓa, bayan nan ki riƙe shi a tsaye kamar minti goma sha biyar. In yana murɗe-murɗe ki kwantar da shi ki riƙa juya ƙafafun kamar mai tuƙa keke, ki shafa cikin a hankali yadda hannun agogo ke tafiya. Kukan yamman nan yakan fi tsanani wajen sati shida ya lafa a wata uku zuwa huɗu. Barci kuma a rigingine ba filo, ko da mura.

In ke ce ke da murar kar ki daina shayarwa, garkuwar da jikinki ke haɗawa tana bi ta nonon zuwa gare shi, ki dai yawaita wanke hannu. Ki kiyayi maganin mura mai pseudoephedrine don yana rage ruwan nono, kodin kuma ko kusa.

Akwai lokacin da ba zancen saye ba ne, zancen ɗaukar mayafi ne. Jaririn da bai kai wata uku ba zafinsa ya kai 38, ko jikinsa ya yi sanyi, ko kin ƙirga numfashinsa ya kai 60 a minti ɗaya yana kwance shiru, ko ƙasan haƙarƙarinsa na lotsawa ciki, ko yana gurnani, leɓe ya canza kala, ya ƙi nono sau biyu a jere, famfas ya daina jiƙa kamar sau shidan da ya saba, amai kore ko ciki ya kumbura ya yi tauri, ko tashinsa ya yi wuya kamar yadda tawa ta yi, ki tafi asibiti a lokacin ko ƙarfe biyun dare ne, kuma ki saka duk kwalbar da aka ba shi a jaka ki tafi da ita su gani.