Gargaɗi ga masu gidaje a Legas: hattara da masu kafa ginshiƙin geti na bogi

Jama'a, musamman 'yan'uwa na Agege, Idi-Araba da Mile 12, a yi hattara da wasu masu kiran kansu kafintoci da ke bi gida-gida suna tayin kafa ginshiƙin katako a jikin katanga don rataya geti, da araha. Za su nuna maka guntun iroko, wato katako mai tauri da nauyi, su karɓi rabin kuɗi ko fiye. Ranar aiki sai su zo da farin katako mai taushi da aka shafe da baƙin mai, su ce maganin gara ne. Danna farce a kansa, ko ka kankare bakinsa da wuƙa ka ga launin cikinsa. In farce ya shiga, ba iroko ba ne.

Babbar cutar tana wajen noti. Daga waje za ka ga kawunan noti 3 da washa, tsaf. Amma an yanke su gajeru an cusa a ramin katakon kawai, ba su taɓa katanga ba. Ƙusoshin kankare ne ke riƙe da komai, an toshe kansu da garin katako da gam. Sa sifana: notin da ke juyawa ba ya ɗaurewa, ko ya fito a hannunka, ado ne.

Me ya sa ƙusa ba ta riƙewa? Nauyin geti yana fizgar hinjin sama waje, yana tura na ƙasa ciki, kuma kowane buɗewa da rufewa girgiza ce. Bulon Legas, mai inci 6 ko 9, galibi mai rami ne, fatarsa siririya, wani ma yashi ya fi siminti yawa. Ƙusa na sassautawa, ginshiƙi ya karkace, geti ya fara jan ƙasa. Ko noti mai buɗewa a cikin rami, in aka ɗaure shi a irin wannan bulo, fasa shi yake yi.

Aikin gaskiya ga shi. Katako mai tauri, busasshe, inci 4 da 4, a shafe shi da maganin gara na Solignum har bakin da aka yanka. Ginshiƙi mai tsawon mita 1.8 yana son noti 3 aƙalla, masu kaurin milimita 12, na sama kusa da hinjin sama. A huda tsakiyar bulo, ba layin siminti ba, kuma a bar kamar santimita 10 daga bakin katanga. In bulon mai rami ne, ko dai birkila ya cika ramukan da kankare a jira kwana 7, ko a zura dogon ƙarfe mai zare ya ɓulla bayan katanga, a sa faranti da noti. Ƙarfen ya zama wanda ba ya tsatsa, don iskar gishiri ta bakin ruwa ba ta raga wa baƙin ƙarfe. A ɗaga gindin katakon kamar santimita 3 daga ƙasa, in ba haka ba ruwan damina zai ruɓar da shi.

Ka sayi katako da noti da kanka, ka tsaya a kan masu aikin lokacin huda, kuma kada a toshe kan noti sai ka gwada shi da sifana. Kuɗin hannu sai an rataya geti ya buɗe ya rufe ba tare da ya taɓa ƙasa ba.