Na'urar auna man tanki ta kusa raba ni da direbana

Wata shida ke nan da na sa aka ɗaura wa tirelolina huɗu tiraka, wato na'urar da ke nuna inda mota take, haɗe da sandar nan mai auna mai. Huda tanki ake yi a zura ta, a riƙa zuba gas kaɗan-kaɗan ana saita ta, daga nan komai sai dai ka duba a waya.

A sati na uku, wajen ƙarfe biyun dare, waya ta tashe ni: wai lita 70 ta yi ɓatan dabo a mota ɗaya cikin rabin awa, motar kuma tana tsaye. Direban nan shekara tara muna tare, ya ma girme ni. Amma zuciya ta ɗebe ni, na kira shi na zazzage masa ta cikina tas. Bai ce komai ba sai, "Maigida, bari in dawo a auna." Da ya dawo aka lissafa da rasit, ko lita ɗaya ba ta yi ciwon kai ba.

Ashe motar tanki biyu gare ta, da tiyo da ya haɗa su ta ƙasa, su kuma masu ɗaurawar ɗaya kawai suka sa wa sanda. Da ya faka a gefen titi motar ta karkata, sai man ya gangara ɗaya tankin. Da asuba yana tashi layin da ke nuna yawan mai a waya ya koma sama, ni ne ban tsaya na duba ba. Na ba shi haƙuri, ya ce ya wuce, amma har yau gaisuwarmu ba kamar da ba.

Gaskiya dai na'urar ta yi mini rana ta wani wajen. Ban taɓa sanin yawan awannin da motocina ke yi a tsaye inji na aiki ba, a layin lodi ko direba na barci. Babbar mota tana shan kusan lita 3 a awa a haka, ba ta motsa ko taku ɗaya ba. Da muka rage wannan, muka kuma hana wuce gudun kilomita 80, kuɗin mai ya sauka har na gani a littafi. Nan kam na yaba.

Sai dai da na koma wa kamfanin da maganar tankin, buɗar bakinsu sai suka ce in sayi sanda ta biyu, in kuma biya kuɗin ɗaurawa. Kuskurensu, aljihuna! Bakanikena kuma ya ce mai son zuƙe mai ta tiyon da ke mayar da shi tanki zai bi, na'urar ta ɗauka injin ne ke sha. Wannan ba su faɗa mini ba ranar da suke zuba mini daɗin baki.

Kuɗin wata-wata dai ina biya. Ƙararrawar dare kuwa na kashe ta.