GARGAƊI: Naira 38,000 ya ci mini a kan kafireton jabu

Jama'a, kwana uku ke nan ba na iya barci. Naira 38,000, ban da 4,000 kuɗin mota. Da hannuna na tura wa wani mai sayar da kafireton babur a waya, ina ma yi masa godiya.

Babur ɗina Honda CG 125 ne, na mahaifinmu ne, Allah ya jiƙansa, shekara 11 yana hannuna. Ni nake canza masa fulogi, ni nake juye baƙin mai, don haka kada wani ya zo ƙasa ya ce ban san mashin ba. Tun damina ya fara cijewa. In na murɗa totur sai ya shaƙe kamar zai mutu, can kuma ya fizga. A danja ba ya zama a silo sai ina ba shi wuta. Ranar da ya mutu mini a tsakiyar titin Zariya, tirela na danna mini hon a baya, ranar na ce dole a yi wani abu.

Shi ne na rubuta a wani zaure na masu babura a Facebook. Mutumin nan ya biyo ni ta WhatsApp. Abin da ya fara tambayata, wallahi har yanzu yana yi mini yawo a ka: "Yallaɓai, in ka ja cok yana ɗan gyaruwa?" Cok shi ne abin da ake ja a rage wa inji iska, mai ya ƙaru. Na ce ƙwarai. Ya ce: "Fulogin fa, bakinsa fari ne ko baƙi?" Na kwance na duba, fari fat. Ya ce to mai ne ba ya isar injin, iska ta yi yawa. Kuma gaskiya ya faɗa! Wannan ce ta kashe ni. Don Allah wa zai ji irin waɗannan tambayoyi ya ce ɗan damfara ne? In ka ja cok yana gyaruwa. Daga wannan kalmar na saki jiki.

Ya ce kafireton ya gama yayi, wanki ba zai yi masa komai ba, amma yana da kafireto samfurin Keihin na asali ɗan Japan, saura biyu daga kayan da aka kawo masa daga Nnewi. Ya turo bidiyo yana juya shi, ga tambari a jiki. Ya ce 45,000, muka daidaita a 38,000. Kuma na yi bincike, kada ku ce ban yi ba. Na ga sunan asusun ya sha bamban da na Facebook ɗinsa, na tambaya, ya ce na yaron shagonsa ne. Ya rantse da Allah a saƙon murya, ya ce yanzu ya fito daga masallacin Juma'a. A'a, rantsuwar ma ina jin kafin bidiyon ce, don ranar Asabar na tura kuɗin. Ko ma dai yaya ne, duk suna wayata.

Kaya ya iso tasha a kwalin taliya, an naɗe da tsumma. Da na ɗaga na ji ba nauyi gabana ya faɗi, amma na daure na ɗaura. Ina buɗe makunnin mai sai fetur ya fara tsiyaya ta tiyon ƙasa, allurar da ke tsayar da mai a kofi ba ta rufewa. Fetur, a wannan tsadar da muke ciki tun da aka cire tallafi a 2023, yana malala a tsakar gida, uwargida tana janye yara. Da ya tashi kuma sai baƙin hayaƙi, fulogi ya yi gawayi. Na manta ban faɗa ba, tun kafin kayan ya iso ya rage ɗaga waya, wai yana hanya.

Na tura babur ɗin wajen wani dattijon bakanike a unguwarmu. Ya kwance sabon, ya nuna mini jet ɗin, wato ɗan ƙarfe mai rami da mai ke bi ta ciki, ko lamba babu a jiki, tambarin ma ba irin na ainihi ba ne. Ya mayar da tsohon nawa, ya tayar, ya fesa ɗan mai a kan robar da ta haɗa kafireto da inji, sai ƙarar injin ta canza nan take. Ya ce: "Ɗan nan, robarka ce ta tsage tana shan iska." Ya zare ƙaramin jet ya ɗaga shi saitin rana, tsatsar tanki ta toshe ramin. Ya wanke, ya hura, ya sa sabuwar roba. Duka 3,500. Naira 3,500! Ni kuma na ba wani 38,000. Kafireton mahaifina lafiyarsa lau, kuma ba na shakka mutumin nan ya sani tun tambayar farko.

Na tura masa hoto, ya karanta, ya toshe lambata. Banki sun ce sai na kawo takardar kotu.

Kada ku sayi kafireto a waya. A duba roba, ƙaramin jet da tanki tukuna. Hotunan hirarmu, rasit da saƙon muryar da ya rantse duk zan sa su da daddare, in na rufe sunan yaron da ke kan asusun. Shi kuwa ban yafe ba, 38,000 ɗina na bar shi da Allah.